Kullen Wata Biyu

"Ƙarshen wata," in ji Baba. "Ban ƙara masa ko rabin yini ba."

Auta tana durƙushe a gefen kujerarsa, kanta a ƙasa, tana ta murza bakin mayafinta kamar shi ya yi mata laifi. Umma kuwa tana tsaye a ƙofar kicin da cokali a hannu, ta kasa shiga, ta kasa fitowa.

"Ni dillali ne, Auta. Tun ba a haife ki ba nake sayar da fili da gida. Abin da na sayar wa mutum yana zuwa ya taka shi da ƙafarsa, ya kewaye, har ya yi faɗa da maƙwabci a kansa. Shi wannan dogon naki me yake sayarwa? Suna! Sunan ma ba na mutum ba, na cikin waya. To ya sayar in gani da idona kafin watan nan ya mutu. In ya sayar na san sana'a ce, ya turo manyansa. In bai sayar ba, ya manta da hanyar gidan nan, ni kuma in amsa wa Mai Tayal, don na gaji da ce wa bawan Allah ya ƙara haƙuri."

"Baba, ai ni ma aikin nan nake yi."

"Ke albashi ake ba ki. Shi wa ke ba shi?"

Sai hawaye suka zubo mata shar-shar.

"Dole dai ba zan yi miki ba, ban yi wa yayyenki ba," ya ƙara da cewa, muryarsa ta ɗan sauka. "Amma ba zan sa albarka a kan iska ba."

Shi ke nan, ya gama da ita. Duk gidan an san Auta da taurin kai, amma an kuma san ba za ta taɓa shiga ɗakin wani namiji ba tare da albarkar tsohon nan ba, ko da son zai kashe ta.

Kada in zalunci Mai Tayal, ba mugun mutum ba ne. Shagunansa a jere suke a babban titi, motarsa ba ta kwana da datti, kuma duk wanda Baba ya sayar wa fili, a wurinsa yake ƙarewa in ya zo shimfiɗa ƙasan ɗaki. Matsalarsa ɗaya, in ya zo zance ƙasa yake kallo. Ba kunya ba ce, a'a, tayal ɗin falon yake dubawa yana faɗa mata inda magini ya cuce su.

Shi kuwa Dogo, wayyo Dogo! Ba shi da komai da za a nuna da yatsa sai tsawo da tsohuwar kwamfuta da wani ɗan shago da yake gina wa 'yan kasuwa shafukan intanet a ciki. Sai kuma abu ɗaya: sunan shafi, kalma guda, aika, da irin wutsiyar nan ta ƙarshen adireshin intanet da manyan kamfanoni ke rububi. Tun yana ɗalibi ya yi masa rajista da kuɗin abincinsa. Kowace shekara sai an sabunta, in an yi sake wani ya wafce, shi kuwa bai taɓa sake ba. Akwai shekarar da ya sayar da wayarsa ya biya, ya koma aron ta abokai. An sha taya masa, yana cewa, "Mai shi bai zo ba tukuna."

In akwai wanda ya san darajar abin da ke hannunsa, to Auta ce, don aikinta ke nan. A wani ofis take, saman shagon masu sayar da fanka, inda ake kawo sunayen shafuka a yi musu kuɗi kafin a kai kasuwa. Akwai manhajar da ake zuba wa suna ta tofo farashi nan take, amma Auta ba ta yarda da ita ba. Ita sai ta duba gajartar sunan, ta ga ko akwai lamba ko ɗan layi a tsakiya, ta tono tarihinsa ko an taɓa yin damfara da shi, ta nemo nawa aka sayar da makamantansa, sannan ta ƙirga irin kamfanonin da ba za su iya barci ba in abokin hamayya ya riga su. Daga ƙarshe ta kira Umma a waya, ta faɗi sunan sau ɗaya tak, ta ce ta rubuta. In Umma ta rubuta daidai ba tare da ta ce "me kika ce?" ba, sunan ya ci rabin jarrabawa.

Na Dogo ya ci duka. A lissafin Auta zai sayi gida, ya sayi filin bayansa, a samu canji. Amma irin wannan kaya ba tumatir ba ne, mai sayensa ba ya zuwa don kana sauri.

Da yammacin ranar da Baba ya ba da wa'adin, Auta ta sami Dogo a shago, idanunta sun kumbura. Ta zayyane masa komai. Ya saurara har ta gama, hannunsa a haɓa.

"Ka sayar," ta ce. "Ka kira duk wanda ya taɓa tayawa, ko nawa ne ka karɓa. Baba ba farashi ya tambaya ba, ciniki yake son gani."

"Auta, ke da bakinki kika ce in na sayar a haka na yi asara."

"Na ce! Yanzu kuma na ce ka yi asarar!"

"Ki ba ni kwanaki kaɗan. Akwai wani kamfanin kai saƙo da na ga take-takensa..."

"Take-take!" Ta miƙe tsaye. "Shekara nawa kana ganin take-take? Ka faɗa min gaskiya, Dogo. Tsakanin ni da harafi huɗun nan wa ya fi a ranka? Ka yi yunwa dominsa, ka yi yawo ba waya dominsa. Ni me ka taɓa rasawa domina?"

Tana faɗa ta yi nadama, don ta ga yadda maganar ta shige shi. Ya juya ga kwamfutarsa ya yi ta danne-danne, ita kuma tana ta sheshsheƙa a bayansa. Can wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga kamfanin rajista: ana so a mayar da mallakar sunan zuwa gare ta, ta amince ko ta ƙi.

"Me ka yi haka?"

"Amsar tambayarki."

"Wallahi ba zan karɓa ba. Dogo, shi ke nan abin da ka mallaka a duniya!"

"Shi ya sa. Da ina da wani abin da shi zan ba ki." Ya kama gefen tebur, ya sunkuyo da dogon wuyan nan nasa har suka haɗa ido. "Ban riƙe shi don ya fi ki ba. Na riƙe shi ne don in kai ki gidan da ba ya yoyo. Ki danna, don Allah. Ba na son ki sake kwana da wannan tambayar."

Ta danna. Idanunta cike da ruwa, allon wayar ma dishi-dishi take gani. Ranar ta koma gida kamar ba ƙasa take takawa ba, tana jin duk garin babu macen da aka taɓa so kamarta. Ba ta faɗa wa kowa ba, har Umma.

Ikon Allah, ashe take-taken gaskiya ne. Ana tsakiyar wata wakilin kamfanin kai saƙon ya aiko da tayi. Za su buɗe sabon reshe ranar ɗaya ga wata, kuma sunan suke so a jikin motocinsu da rigunan yaransu. Auta ta ce wa manajanta ita ba za ta sa baki ba tunda kayan a sunanta yake, ta koma gefe tana kallon Dogo yana ciniki.

Kai, a kwanakin nan ta ƙara sonsa! Mutumin da ko kuɗin mota sai ya lissafa, aka ambaci abin da zai sa wani ya sume, shi ko gezau. Ya gode wa wakilin, ya tambayi lafiyar iyalinsa, ya ce zai yi tunani. Bai taɓa fara faɗin farashi ba, bai taɓa mayar da amsa a ranar da aka aiko ba. Auta tana cizon yatsa tana cewa a ranta, bawan Allah, wata fa tafiya yake yi! Shi kuwa yana tafiya da su a hankali har suka hau inda lissafinta ya tsaya, suka ɗan gota. Aka shirya. Kamfanin ya kai kuɗin wurin masu riƙon amana, waɗanda ba sa sakin ko kwabo sai kaya ya isa hannun mai saye.

Saura kwana biyu wata ya ƙare suka zauna a teburinta don su ciro lambar sirrin da ake miƙa wa mai saye ya ɗauke sunan zuwa nasa kamfanin rajistar. Manaja na tsaye a kansu yana murmushi. Auta ta danna.

Wani jan rubutu ya fito.

Ta sake dannawa. Ya sake fitowa. An kulle sunan, ba ya fita ko'ina sai bayan wata biyu daga ranar da aka canja mai shi.

Ta san wannan kullen kamar yunwar cikinta. An yi shi ne don ɓarayi, kada wani ya sace suna ya gudu da shi a rana ɗaya. Kullum sai ta gargaɗi masu kawo kaya: kada ku taɓa sunan mai mallaka in kuna shirin sayarwa, in kuma dole ne, akwai ɗan akwati a ƙasa da ake dannawa a ce ba a son kullen. Ta faɗa wa tsofaffi, ta faɗa wa yara, har dariya ake mata a ofis don yawan maimaitawa. Ranar da abin ya zo kanta, kuka take yi.

"Wa ya canja mai shi ana dab da ciniki?" in ji Manaja. Ya dubi Auta, ya dubi Dogo, ya cire tabarau ya goge. "Ku biyu? Ƙwararru biyu? Innalillahi." Ya shige ofishinsa ya ja ƙofa.

Babu inda ba su buga ba. Kamfanin rajista ya ce doka ce, ba a buɗewa. Suka roƙi wakilin ya karɓi sunan a inda yake, ya buɗe asusu a can a tura masa. Ya ce lauyoyinsu ba su yarda ba, kadarar kamfani sai a rumbun kamfani. In bai shiga hannunsu ba kafin ɗaya ga wata, suna da wani sunan a ajiye, mai ɗan tsawo, za su yi maneji da shi. Zai kira Auta, mai kayan, ranar ƙarshe da yamma ya ji.

A matakalar ofishin Auta ta zube, ta kifa kai a gwiwa.

"Ni na jawo. Da ban yi maka waccan tambayar ba..."

"Ni na danna farko."

"Ni ce aikina! Ni ake biya don in san wannan!" Ta ɗago, fuska jage-jage. "Dogo, ji nan. Muna da takardar yarjejeniya, muna da shaidar kuɗi na wurin masu amana. Mu nuna wa Baba. Bai san kulle ba, bai san komai ba. Zai ga hatimi ya ga sa hannu, ya ce an sayar. Kafin ya gane an riga an sa rana."

Dogo ya zauna a matakalar ƙasa da ita, duk da haka kansu ɗaya.

"In ya gane fa?"

"Ya yi faɗa ya huce."

"Ya huce da ke, ke 'yarsa ce. Ni kuwa har in mutu, duk ranar da na shiga gidan nan na gaishe shi, zai riƙa ganin yaron da ya sayar masa da filin da babu. Auta, ba 'yarsa kaɗai nake nema ba. Ina son in ya ganni a hanya ya nuna ni ya ce wancan nawa ne."

"To sai ka rasa ni saboda a nuna ka a hanya?"

Ya dube ta cikin ido.

"Ban san yadda zan rayu ba in na rasa ki," ya ce a hankali. "Wallahi ban sani ba. Amma na san ba zan shiga gidanku da ƙarya a aljihu ba."

Ta kai masa duka a kafaɗa da jakarta, ta sake kai masa, sannan ta rushe da kuka. Haushinsa take ji kamar ta shaƙe shi, kuma a daidai lokacin ta tabbata in ba shi ba, ba ta son kowa.

Ranar ƙarshen wata, da yamma, aka hallara a falon Baba. Baba a kujerarsa. Mai Tayal ya riga kowa zuwa, ya sha farar shadda sai ƙamshi yake, wai ya biyo ne kawai ya gaida Baba. Dogo ya shigo ya zauna a ƙasa, ya naɗe ƙafafunsa da kyar. Auta na rakuɓe kusa da Umma, wayarta a cinya.

"To," in ji Baba. "An sayar?"

"Ba a sayar ba, Baba."

Mai Tayal ya gyara zama.

"Mai saye ya zo, mun shirya, kuɗinsa na ajiye. Amma kayan a kulle yake sai bayan wata biyu, shi kuma ba zai jira ba. Kuskurena ne."

"Wa ya kulle?"

"Doka ce. Duk sunan da aka canja wa mai shi, sai ya yi wata biyu ba ya motsi."

Baba ya tsuke ido. Kunnen dillali ba ya barin irin wannan ta wuce.

"Aka canja wa mai shi? Wato kayan ma ba naka ba ne? Kayan wani ka zo kana min burga da shi?"

"Nawa ne, Baba." Muryar Auta ce, siririya. "Ranar da ka ba shi wa'adi ya mayar da shi sunana."

Cokalin shayin da ke hannun Umma ya faɗi ƙasa.

"Kika karɓa?" Baba ya daka mata tsawa. "A gidana, da raina, namiji ya ba ki dukiya ki karɓa ki ɓoye min? Haka na tarbiyyantar da ke?"

"Ni na matsa mata, Baba," in ji Dogo. "Ta ƙi, na roƙe ta."

"Rufe min baki, zan zo kanka!" Ya juya. "Ke, tunda aikinki ne. Abin nan nawa zai yi? Kada ki ƙara masa ko sisi don kina sonsa, zan gane."

Ta faɗa. Ta faɗi abin da ta lissafa, ta faɗi abin da kamfanin ya ajiye. Baba ya sa ta maimaita. Ya jingina da kujera yana motsa baki, kowa ya san filaye yake jerawa a kansa.

"Da wace takarda ya ba ki? Wane sharaɗi? In ba a yi auren ba ki mayar?"

"Babu sharaɗi."

"Shaidu fa?"

"Babu."

Mai Tayal ya yi 'yar dariya, irin ta mai son ya sassauta zama. "To ai abin ya zo da sauƙi, Baba. Wato in Allah ya sa ni ne, amarya da kayanta za ta tare ke nan?" Ya dubi Dogo. "Ko za ka biyo sawu, malam?"

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Dogo ya ɗago ya dube shi, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Nata ne," ya ce. "Ko gidan wa ta shiga, nata ne. Sai dai in roƙe ka abu ɗaya, in kai ne. Duk shekara ana sabunta rajistarsa, ita kuma tana da mantuwa in ranta a ɓace yake. Ka riƙa tuna mata."

Dariyar Mai Tayal ta maƙale. Umma ta ja mayafi ta rufe fuska, tana share hawaye.

Baba ya daɗe yana kallon yaron. Shi da ya ga wa da ƙani sun shekara ba sa gaisawa a kan taku ɗaya na ƙasa, ya ga ɗa ya kai uwarsa kotu a kan katanga. Ya buɗe baki zai yi magana, sai wayar Auta ta ɗauki ƙara.

"Wakilin ne," ta ce da raɗa.

"Tsaya." Baba ya ɗaga hannu. "Abin nan, akwai irinsa wani wuri?"

"Babu, Baba. Guda ɗaya ne a duniya."

"Ba a yanka shi biyu? Ba a yin wani a gefensa?"

"Sai dai mai kama da shi, mai tsawo."

"Wato filin kwana ne a bakin titi, su kuma suna barazanar za su koma lungu." Ya miƙo hannu. "Kuma su ke ba ku wa'adi? Ba ni wayar nan."

"Baba, don Allah..."

"Ba ni, na ce!"

Ya kara a kunne, ya gyara murya, ya koma Baban da ake jin tsoro a wurin ciniki. Ya gaisa a tsanake. Ya ce shi ne uban mai kaya. Ya ce kaya na nan lafiya, ba ya ruɓewa, ba ya tsufa, wata biyu kuma kamar gobe ne. Ya ce wanda ya fenta motoci da suna mai tsawo, kullum ya wuce ya ga gajeren a hannun abokin hamayyarsa sai cikinsa ya yi ciwo. Auta ta fara jin ɗan sanyi a ranta, don wallahi tsohon ya iya. Sai kawai ta ji ya ɗora: "Kuma tunda kun tayar wa yarana da hankali, in kun dawo bayan wata biyu, farashin ba na yau ba ne. Akwai ƙari."

Dogo ya runtse ido.

Aka yi magana a ɗaya ɓangaren, gajeriya. Sai ƙit.

Baba ya dubi wayar. "Ya kashe." Ya ajiye ta a kan tebur, ya harɗe hannu. "Zai kira. Haka suke yi. Ku ba shi minti kaɗan."

Aka zuba wa waya ido. Fanka na juyawa. A waje wani mai gyaran takalmi ya wuce yana ƙwanƙwasa akwatinsa, har sautin ya ɓace. Shayin da ke gaban Mai Tayal ya huce. Waya ko motsi.

"Malam," in ji Umma daga cikin mayafi, "anya mutanen nan irin masu sayen filinka ne?"

"Ke dai yi shiru."

Ta yi shiru. Wayar ma ta yi shiru. A hankali zufa ta tsatsafo a goshin Baba, abin da Auta ba ta taɓa gani ba tun tasowarta.

Mai Tayal ya duba agogonsa, ya miƙe, ya kakkaɓe shaddarsa.

"To, Baba, Allah bai yi ba. Wata ya ƙare, ciniki ya mutu. Ni dai na san kai mutum ne mai magana ɗaya, duk garin nan an shaide ka. Yaushe zan turo?"

Auta ta waiga. Ta dubi Dogo. Ya riga ya fara tattara dogayen ƙafafunsa zai tashi, kansa a ƙasa, ba roƙo, ba gardama. Sharaɗi aka yi, ya faɗi, zai tafi. Ta cusa bakin mayafi a baki don kada ihu ya fito.

"Zauna," in ji Baba.

Dogo ya tsaya rabi a tsaye.

"Na ce ka zauna, tsawonka na tare min iska." Ya juya ga Mai Tayal. "Gaskiyarka, ni mai magana ɗaya ne. Na ce ya sayar, bai sayar ba. Kyauta ya bayar, ga 'yata, ba shaida ba takarda, a ranar da na ba shi wa'adi. Yau kuma ya zo da ƙafarsa ya faɗa min abin da in ya ɓoye ba zan taɓa ganewa ba. Ni da nake tsoron zai ci amanarta." Ya share goshi da tafin hannu. "Mai sayen nan kuwa ba kulle ne ya kore shi ba, bakina ne, kowa ya ji. To ba zan kori mai saye in kori mai kaya a yini ɗaya ba. Ka yi haƙuri, ɗana. Maganata ce, ni na yi ta, ni na janye. In za a zage ni a gari a zage ni."

Mai Tayal ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi Auta, karon farko ba ƙasa ba, ya ga inda idanunta suke. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya sa takalmansa ya fita a hankali.

"Kai kuma," Baba ya nuna Dogo da yatsa, "gobe da safe ka zo min da kwamfutar nan taka, ka nuna min duk kamfanin da ke kai saƙo a ƙasar nan. Ni na ɓata, ni zan gyara. In za ka zo, ka biya ka ɗauko kawunka."

"Kawuna, Baba?"

"Da wa zan yi maganar? Da kai?"

Dogo, wanda bai zubar da hawaye ba ranar wa'adi, bai zubar ba ranar jan rubutu, ya buɗe baki zai yi godiya, sai kuka ya ƙwace masa. Ya kifa fuska a tafukansa, bayansa na jijjiga kamar ƙaramin yaro. Auta ta faɗa jikin Umma, kuka da dariya suka haɗe mata.

A daidai nan wayar ta ɗauki ƙara a kan tebur.

Auta ta zabura. Dogo ya ɗago da jajayen idanu. Baba ya riga su kai hannu, bai ko duba mai kiran ba, ya kife ta.

"Ko waye ya jira," ya ce. "Maganar aure muke yi."